Mujiyar da Ba Ta Gama Arba'in Ba

Kai, abin da ya faru a gidan Bi Mkasi bana ba ya ajiyuwa a ciki, dole a faɗa! Amma sai an fara daga kan Zuwena, don ita ta fara jin kukan.

Zuwena matar Kombo ce, ɗan Bi Mkasi, kuma ba 'yar nan tudu ba ce. Daga bakin teku aka kawo ta, can gabashin Pemba inda ƙasa duk duwatsu ne, mutane ba su san komai ba sai kifi. Mu nan kuwa kanumfari ne gaba, kanumfari ne baya. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, kowa ya sani. To ita uwarta ta rasu tun tana 'yar shekara tara, babanta ma ya bi ta bara waccan. Sai ta yi jegonta a ɗakin miji, mijin kuma ba ya nan. Kombo yana can Darussalam yana tsaron shagon wani. Ya zo suna, ya kwana biyu, ya ɗauki jaririyar sau uku a tsorace kamar an ba shi ajiyar ƙwai, ya ce sunanta Sada, ya koma jirgi.

Kada wani ya ce Bi Mkasi muguwar suruka ce, a'a wallahi. Ruwan zafi safe da yamma ba ta taɓa fashi ba. Ta murje Zuwena da man kwakwa har sai ta yi ƙara, ta dama mata kunu mai yaji, ta yanka mata kaza biyu cikin kajinta biyar. Magana ce dai babu. "Tashi." "Sha." "Juya." Shi ke nan hirar yini guda. Kullum da safe kuma za ta shigo, ta jefa ƙwayar kanumfari ɗaya cikin wani finjali da ke bakin taga, ƙwas, ta fita. Da shi take ƙirga kwanakin jego, haka uwarta ta yi mata. Rana ɗaya tak ta yi dogon bayani, ranar farko:

"Mai jego ba ta taka ƙofar gida. Ba a tada ta daga inda ta haihu, ba a ɗaga mata murya, ko laifin me ta yi. Sai finjali ya kai arba'in."

Makon farko mata sun yi ta shigowa barka, suna kwaikwayon yadda Zuwena ke jan magana irin ta mutanen teku suna dariya. Daga nan tsinkar kanumfari ta kankama, ƙauye ya watse. Babba da yaro kowa yana gona, ko yana gindin tabarma yana tsince, ko yana shanya. Zuwena ta rage ita da bango huɗu da jaririya mai barci. Wayarta tana ƙarƙashin matashi, ran Juma'a kaɗai take ƙara, in Kombo ya kira.

"Kuna lafiya? Yarinya fa? Mama fa? To bari, ga mai saye ya zo."

Tagarta bayan gida take kallo, ba abin da ake gani sai gindin wata tsohuwar bishiyar kanumfari da kakan Kombo ya shuka. Shekara huɗu rabonta da yin 'ya'ya, ba mai hawanta, ba mai ko kallonta. Zuwena ta san kowane tsagi na ɓawonta, ta san layin da tururuwa ke bi su hau, da wanda suke bi su sauko.

Ranar da finjali ya kai sha biyu, ana idar da sallar magariba, sai ta ji daga saman bishiyar nan:

Huu.

Shiru. Har ta ɗauka kunnenta ne. Sai kuma:

Huu.

Nono take bayarwa, amma sai da ta miƙe zaune. Babanta yana da wata ƙatuwar katantanwar teku da ya huda wa gindi. In kwale-kwalensa ya doso gaɓa da yamma sai ya busa ta, sau ɗaya, ya jira, ya sake, don 'yarsa ta san ya dawo ta ɗora ruwan shayi. Sak wannan sautin, gajere, mai taushi, kamar mai busar ya gaji. Ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "Sannu da zuwa," ba.

A madafa kuwa sai ji ta yi ludayi ya faɗi. Bi Mkasi ta watsa gishiri cikin wuta ya yi ta tartsatsi, ta faɗo ɗakin da gudu, wadda ko sauri ba a san ta da shi ba, ta ja taga ta datse, ta lulluɓe Sada da baƙin zane.

"Mama, ba kihodi ba ce?"

"Rufe bakinki! Ba a kiran sunanta a gidan da ke da jariri."

Zuwena ta sha jin labarinta, wa bai ji ba? Mujiyar matsafa, wai ta kai rago girma, idanunta garwashi, in ta sauka kusa da gida jariri ta zo ɗauka. A garinsu dai babu manyan itatuwa, ba ta taɓa jin kukanta da kunnenta ba sai ranar.

Tun daga nan yininta ya sami abin jira. Da la'asar ta yi sai ta fara duba hasken da ke tsagin taga. In an yi magariba Bi Mkasi ta watsa gishirinta ta tafi alwala, sai Zuwena ta matsa ta kara bakinta a tsagin nan. Huu, in ji na waje. Ita kuma ta shiga ba ta labari ƙasa-ƙasa: yau Sada ta yi atishawa sau uku, yau ta kama yatsana ta ƙi saki, yau kunun ya yi yaji har na yi hawaye, Kombo bai kira ba. Mutum da hankalinsa yana hira da mujiya! Amma duk faɗin ƙauyen nan ita kaɗai ce in Zuwena ta yi shiru take amsawa.

Ran kwana sha tara jikin Sada ya yi zafi. Aka kira malamar asibitinmu, ta zo ta duba, ta ce mura ce, ta ba da magani, ta yi faɗa a kan zane uku da aka nannaɗe yarinya da su da tagar da aka datse ga hayaƙi. Washegari zazzaɓi ya sauka, Sada ta kama nono kamar ba ita ba. Amma Bi Mkasi ba ta gamsu ba. Aika ta yi gidan Shaame, ƙanin marigayi mijinta, ta ce gobe da sassafe ya zo da gatari.

Da yamma ta kawo kunu, Zuwena ta yi ƙarfin hali.

"Mama, ba za a bar bishiyar nan ba? Malama ta ce mura ce."

Bi Mkasi ta ajiye kwanon.

"Kafin Kombo na haifi wani. Kwanansa ashirin da shida. Tsuntsuwar nan ta yi kuka da magariba, da asuba ya fara jijjiga, kafin azahar an rufe shi. Lokacin ma an ce mini mura ce."

Ta fita. Da magariba kukan ya zo kamar kullum, Zuwena ta kara bakinta a tsagin taga, labari ya ƙi fitowa. Ta dai tsaya tana saurare har aka kira isha'i, tana ƙirgawa, don ta san na ƙarshe ke nan.

Shaame ya iso rana ba ta gama fitowa ba, gatari a kafaɗa, igiya a wuya, yana jan dogon tsanin tsinkar kanumfari. Tsoho ne siriri mai haƙori huɗu, a ƙuruciyarsa ya yi aikin jirgin ruwa, kuma tun ranar da aka kawo Bi Mkasi gidan yayansa yake tsokanarta bai gaji ba.

"Matar yaya! Ina shayina? Ko so kike in sare miki bishiya da yunwa ta faɗo mini a ka, ki huta?"

"Da na huta kuwa. Sare tukuna, tsohon banza."

"Tsoho? Ni da nake shirin ƙara aure? Ke nake jira ki amsa."

"Ka fara nemo sauran haƙoranka."

Zuwena tana jin su. Ta saɓa Sada a kafaɗa ta lallaɓo har ƙofar baya, ta tsaya daidai dokin ƙofa, yatsun ƙafarta ba su wuce shi ba. Shaame ya jingina tsani, ya hau don ya ɗaura igiya a sama, kada bishiya ta faɗa kan rufin madafa. Ya kai wajen da reshe ya rabu biyu, sai ya tsaya. Ya leƙa wani kogo. Ya sake leƙawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, yana dariya ba sauti.

"Matar yaya, zo ki ga dodonki."

"Ka sauko ka yi abin da ya kawo ka."

"Wallahi sai kin gani. Shekara arba'in kina ƙona gishirin yayana a kanta, ai ya kamata ku gaisa. Ko tsufa ya hana? Da can ke ce in ana tsinka ba mai riga ki kaiwa ƙololuwa, maza ma kina ba su kunya. Yanzu ga matakala takwas sun gagare ki."

"Wa suka gagara?"

Ai kuwa ta ɗaure zane a ƙugu! Shaame ya sauko ya riƙe mata tsani, ta hau tana karanta duk addu'ar da ta sani, hannu ɗaya dunƙule da gishiri. Ta kai bakin kogon, ta rufe ido, ta buɗe.

Zuwena ba ta ganin komai sai bayan surukarta. Ta ga dai bayan ya daina motsi. Aka daɗe. Har Shaame ya ce, "Ko ta cinye ki ne?"

"Wannan ce?" Muryar Bi Mkasi ta fito 'yar ƙarama. "Wannan 'yar abar?"

"Ita ce dai."

"Ba ta kai dunƙulen hannuna ba."

"Kalar me gare ta, Mama?" Zuwena ta tambaya daga ƙofa, ta ma manta ba a son ta fito.

"Kalar kanumfarin da ya kwana uku a shanya. Idonta rawaya." Ta ƙara leƙawa. "Akwai 'ya'ya biyu a ƙarƙashinta, farare, kamar auduga. Ta baje fiffike a kansu. Jikinta rawa yake yi."

"Tsoronki take ji," in ji Shaame. "Ba ita kaɗai ba."

Bi Mkasi ta sauko a hankali. Gishirin ya jiƙe a tafinta, ta goge a zane.

"Mijin fa?" ta tambayi Shaame.

"Yana can cikin ganye yana barci. Shi ne mai yi muku kukan da magariba, ya fita neman fara da ƙwari ya kawo mata. Ya dai fi na wasu, shi kullum yana dawowa." Ya saci kallon Zuwena, ya ga fuskarta, sai ya yi tari ya gyara zance. "Ni dai na je Tanga, na je Mombasa, Unguja ma da ke nan kusa na shekara biyu, ban taɓa jin wannan kukan ba sai a tsibirin nan. Muna yara kowace gona akwai su. Yanzu an sare tsofaffin itatuwa an yi gawayi, sai ka yi tafiyar awa ba ka ji ɗaya ba. To, in sare?"

Bi Mkasi ta dubi bishiyar, ta dubi jaririyar da ke kafaɗar Zuwena. Fuskarta ta koma yadda take.

"Ƙanƙantarta ba ta dawo mini da ɗana ba. Sare."

Shaame ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gatari. Tun da aka kawo Zuwena gidan nan ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba.

"Baba Shaame, kwana nawa da ƙyanƙyasarsu?"

"Ba su wuce uku ba, 'yata. Ido ma bai buɗe ba."

"To Mama, ai mai jego ce." Zuwena ta gyara Sada a kafaɗa. "Ke kika ce mini ba a tada mai jego daga inda ta haihu. Kika ce ko laifin me ta yi. Sai ta yi arba'in."

Shaame ya sauke gatarin a hankali, ya dafa shi kamar sanda, yana kallon sama don kada dariya ta kuɓuce masa.

"Tsuntsuwa ce," in ji Bi Mkasi.

"A bayan gidanki ta haihu, Mama."

Kaji suka yi ta tonon ƙasa a tsakaninsu. Can Bi Mkasi ta juya ta shiga madafa, aka ji tana buɗe kwanuka. Ta fito da wani finjali mai tsagagge baki, ta jefa kanumfari uku a ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Ranar da ya kai arba'in ka dawo da gatarinka. Ke kuma koma ciki, wa ya ce ki fito iska?"

Haka aka koma finjali biyu, na Zuwena a bakin taga, na mujiya a kan kantar madafa. Gishiri dai ba a fasa watsawa ba. Amma taga ta daina datsuwa gaba ɗaya, ana barin kamar faɗin tafi.

Ranar arba'in ɗin Zuwena aka yi mata wanka, aka yi wa Sada aski, aka fito da ita aka nuna mata rana da ƙofar gida da hanyar rijiya. Aka dafa shinkafa da kwakwa, maƙwabta suka ci suka watse. Kombo ya ce zai zo, Zuwena ta yi lalle tun jiya, duk ƙarar babur sai ta ɗaga kai. Da la'asar wani ɗan garinsu ya kawo leda: zane biyu da 'yar riga, da saƙon cewa mai shago ya hana shi, sai da salla.

Ta ninke zannuwan ta sa a akwati. Da magariba ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a gindin bishiyar, karo na farko, ta zauna da 'yarta a cinya. Huu, daga sama. Hawaye kawai suka zubo mata. Sai ta ji an zauna a ɗaya gefen tabarmar. Bi Mkasi ce, da gishirinta a hannu.

"Me kike faɗa mata kullum a taga? Kin zaci ba na ji?"

Zuwena ta ba ta labarin katantanwar babanta, da ruwan shayin da take ɗorawa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe.

"Faki," ta ce. "Sunan ɗan nan nawa Faki. Uban Kombo ya hana a ƙara ambatonsa, wai don in manta." Ta miƙa hannu ta gyara wa Sada hula. "Da yanzu yana da furfura."

Ranar finjalin mujiya yana da ashirin da biyu. Saura sha takwas, kuma yanzu Zuwena tana shiga madafa. Allah ya yafe mata, sata ta fara! In surukarta ta tafi rijiya sai ta ɗauke ƙwaya ɗaya ta jefa a baki ta taune, don kada a ga shaida. Ba kullum ba, bayan kwana biyu ko uku. Ta san ba za ta hana arba'in zuwa ba, tana dai ja mata da baya ne. 'Ya'yan mujiyar suka yi gashi, suka fara fitowa bakin kogo da yamma suna juya kai kamar tsofaffi masu gulma.

Wata safiya ta juye finjalin a tafinta ta ƙirga. A lissafinta kwana talatin da shida ke nan, ta ci biyar, ya kamata ta ga talatin da ɗaya. Ta ga sha tara. Ta sake ƙirgawa. Sha tara! Ɓera ne? Ɓera ba ya cin kanumfari.

Da la'asar ta zauna tana kankare kwakwa, ido ɗaya a kan kanta. Bi Mkasi ta ɗora shayi, ta jefa citta, ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, ta tsunkuro daga finjalin mujiya, biyu ko uku, ta watsa a tukunya. Ga buhu biyu na kanumfarin bana jingine a bayanta, har ƙamshinsu na sa ciwon kai.

"Mama, kanumfari ya ƙare mana ne?"

Hannun tsohuwar ya tsaya a sama. Ba ta juyo ba.

"Wannan ya fi ƙamshi." Ta motsa shayin. "Ke kuma ki daina taunawa ɗanye, tun daga ƙofa nake jin bakinki. Zai ɓata wa yarinya nono."

Zuwena ta kifa kai a kan abin kankarar kwakwa, ta yi dariyar da rabonta da ita tun tana garinsu. Bi Mkasi ta ce, "Mahaukaciya," amma kafaɗarta ita ma tana motsi.

Shaame ya zo bayan sati da gatarinsa, don shi ma yana nasa lissafin.

"Matar yaya, yau kwana nawa?"

"Sha tara."

"Sha tara? Wancan makon da na wuce kika ce ashirin da ɗaya!"

"Kai ne mai finjalin ko ni?"

"'Ya'yan nan fa sun tashi, na gan su a kan mangwaron masallaci. Wane irin jego ne wannan?"

"Ka taɓa haihuwa? To zauna ka sha shayi, ka bar abin da ba ka sani ba."

Ya kurɓa, ya ɗaga gira. "Kai, shayin nan ya ji kanumfari."

Yanzu haka Sada tana rarrafe, har ta fara kama gindin bishiyar tana miƙewa, ga haƙori biyu! Kombo ya zo da salla, ya kwana huɗu, ya koma. Wayar tana nan ran Juma'a, gajera kamar da. Akwai ranakun da mujiyar ba ta zuwa sam, su zauna a tabarma su biyu har sauro ya kore su. In ta zo kuwa, Bi Mkasi takan tashi ta je ta watsa gishirinta a wuta, don ta ce ita ba ta yarda da ita ba har yanzu, sannan ta dawo ta zauna ta ce, "To, ina muka tsaya?"

Finjalin yana nan a kan kanta, kullum da safe ana jefa masa ɗaya. Jiya da aka ƙirga, sha bakwai ne.